A Bari a Gama Noma

Bana ruwa ya sake yi mana halin nan nasa. Ya sauka da ƙarfi, muka kwasa da gudu muka yi shuka, gero ya fito kamar gashin jariri, sai sama ta ɗauke kai ta bar mu da kallo. Kullum da la'asar hadari zai haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, iska ta taso ta kwashe mana shanya, kaji su shige ƙarƙashin rumbu, daga nan ya tattara ya wuce wajen Belbeji ya zuba wa wasu. Ni kuwa duk shekarar da damina ta yi irin wannan wasa, ba gona nake fara tunawa ba. Iya nake tunawa, uwar mijina, ita da battarta ta taba. Bana tunanin ya zo mini da nauyi, don a cikin leɓena na ƙasa, ta hagu, daidai inda nake aje taba, akwai wani farin tabo da ya ƙi tafiya tun lokacin sanyi, kuma kwanan nan ya fara tsagewa.

Shekarun sun yi nisa. Lokacin yarana biyu ne kawai, Zara da ta fara wayo, da ƙanenta yana nono. Ƙauyenmu yana can arewa da Gangara a kan jigawa, inda rijiya ke da zurfin da in ka leƙa ba ka ganin ruwa, sai dai sanyi ya bugi fuskarka. Daminar da ta gabata gero bai yi ba, rumbunmu ya ƙare tun bazara ba ta kankama ba. Ana gama shuka maigidana ya ɗauki sandarsa ya bi mazan gari zuwa kudu neman hatsi. Ya ce ba zai daɗe ba. Dukansu haka suka ce. Aka bar ni da Iya da yara, da gonar da ko maza biyu sai sun ji jiki kafin su ga ƙarshenta.

Iya doguwa ce, busasshiya, ba ta da yawan magana. Ba ta taɓa kiran sunana ba don ni matar ɗanta na fari ce, sai dai ta ce “ke ɗiyar nan”. Ina jin mata na kuka da iyayen mazajensu, ni dai ban samu tawa haka ba. Faɗanta ɗaya ne, kar a taɓa mata batta. Ƴar ƙaramar batta ce ta fata wadda hannu ya baƙanta, kullum tana ƙulle a haɓar zaninta, cikinta garin taba ne da aka daka da kanwa. Tun goyonta na fari take ci. Sai ta ɗebo da yatsu biyu, ta ja leɓe ta cusa, ta yi shiru kamar mai sauraron wani abu daga nesa.

Yininmu a daminar nan kusan duk iri ɗaya ne. Da asuba sai mu sauke tukunyar dilo, ƴaƴan anza ke nan, masu ɗacin da ko akuya ba ta so. Ana jiƙa su ne a zubar da ruwan, a sake jiƙawa a sake zubarwa, kwana da kwanaki, kafin su yarda a ci su. Ruwan kuwa mu ke jawo shi da hannu, igiya na cin tafi. Ɗan geron da ya rage yana cikin tukunya a ɗakin Iya, ita ke auna shi da tafin hannunta, in daka har da dusar, in dama fura tsararo wadda kana hango gindin ƙwarya ta cikinta. Sai in goya yaro, Zara ta riƙe mini zani, mu saɓa hauya mu kama hanya. Irin hauyarmu ce ta Damargu mai doguwar ƙota, wadda ake turawa gaba ana tsaye. Kafin hantsi ya yi kyau yashi ya ɗauki zafi, ƙarangiya ta cika mana ƙafa, gumi na shiga ido. Ciki kuwa tun safe yake kiran sunanka.

A garinmu akwai wani abu da ba wanda ya kafa shi, amma a shekarar yunwa kowa ya san shi. In rana ta take aka koma gindin itace aka buɗe ƙwarya, babba ba ya sa hannu. Sai ya ɗan juya baya ya kwance batta, ya ce wa yara, “Ku sha, ni na ƙoshi.” Iya na kiran abin furar manya. Haka take yi kullum a gindin aduwar da ke tsakiyar gonarmu. Ta tura mana ƙwarya ni da Zara, ta cusa tabarta, ta jingina da itace ta lumshe ido. In an jima ta tofar da jan yawu, ta miƙe ta riga ni kama hauya. Ni ina mamakin tsohuwar nan da ba ta ci ba ta sha, amma ta fi ni kai ƙarshen kunya.

Da ruwa ya ɗauke, tafin hannun Iya ya dinga ƙanƙancewa a bakin tukunya. Wata rana a gindin aduwa na sha rabona, Zara ta sha nata, ta lashe ƙwarya, ta kife ta, ta sake buɗewa ta leƙa ko akwai saura. Ba ta yi kuka ba, kallona kawai ta yi. Washegari da aka buɗe ƙwarya na kasa ɗaukar ludayi. Na tura mata duka, na tashi zan koma aiki, na kasa. Na zauna daɓas a kan yashi, idona na ganin duhu-duhu.

Iya ta dube ni ta daɗe, sannan ta kwance haɓar zani.

“Ke ɗiyar nan, buɗe bakinki.”

“Iya, ban iya ba. Ina shayarwa.”

“Ni ma ina shayarwa na koya. Ja leɓen. Kar ki haɗiye yawun, ki tofar.”

Ta sa mini ɗan kaɗan. Wayyo, kamar an ɗora mini garwashi! Gona ta juya, aduwa ta juya, zufa mai sanyi ta keto mini, na yi ta kakarin amai ba abin da zai fito. Iya na dariya ƙasa-ƙasa tana shafa mini baya. Da jirin ya lafa sai na ji abin mamaki. Cikina ya yi shiru. Yunwar da ke cizona tun safe ta kwanta luf kamar karen da aka jefa wa ƙashi. Na miƙe na kama hauya, ban sake zama ba har la'asar. Ran nan na yi wa taba godiya a zuciyata, ba zan ɓoye ba. Daga ranar mu biyu ke juya baya a gindin aduwa, Zara na sha har ta ƙoshi.

Zaman da muke yi kusa da kusa shi ya sa na ga abin da take ɓoyewa. Duk sa'ad da ta ja leɓe sai fuskarta ta yamutse. Rannan na leƙa, na ga miki a cikin leɓen, gefensa fari ya yi tauri, tsakiyarsa ja. A kansa take ɗora tabar, daidai tsakiya.

“Iya, mene ne wannan?”

“Zahi ne ya fito mini. Tun sanyi yake nan.”

“To, don me kike sa mishi taba?”

“Yo, da me zan sa mishi? Ba ita ce maganin baki ba?”

Ban yi gardama ba, don ni ma abin da na taso na tarar ke nan. A garinmu in haƙori na yi wa mutum zugi, taba ake cusa masa a kogon, ko da yaro ne, zugin kuma ya lafa. To, mikin baki ma sai aka ba shi maganin haƙori. In ya yi mata raɗaɗi ta ƙara taba, in ya ƙi ji ta ce kanwar ce ta yi kaɗan, in ƙara mata a turmi. Tana samun sauƙi na ɗan lokaci, mu ce alhamdu lillahi magani na aiki. Mikin kuwa yana ƙara faɗi.

Na fara yi mata maganar Tanut, inda gidan likita yake.

“Iya, mu tahi a duba miki.”

“Da wace ƙafa? Jakin da aka sayar? In mun tahi wa zai kama hauya, Zara? A bari a gama noma.”

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gaskiya take faɗa. Zuwa Tanut a ƙasa da tsohuwa da goyo, a jira layi, a dawo, kwanaki ne. Gonar da aka bari kwanaki a tsakiyar noma haki ya cinye ta, in haki ya cinye ta baɗi ma dilo za a ci. Ba namiji a gari sai tsofaffi da makafi. Kowace mace tana fama da tata gonar. In na dubi bakin Iya in ji kamar in ɗauke ta a ka in ruga, in na dubi Zara in koma in kama hauya. Ko'ina na juya a rufe yake.

Sai ruwa ya dawo, ya dawo kamar mai biyan haushi. Malka ta kama, sama ta yini a rufe, ɗaki na yoyo, itacen girki ya jiƙe, hayaƙi ya hana mu buɗe ido. Ƙasa ta yi ƙamshin nan da ke sa mai yunwa jin kamar ya ɗiba ya ci. Tafasa da yaɗiya suka fito, muka samu na kwaɗo. Gero ya miƙe, haki ya riga shi. Mata muka haɗa kai muna gayya, yau gonar wannan gobe ta waccan, ana waƙa ana tura hauya, ƙafa na nutsewa a jiƙaƙƙen yashi. Da rana in an zauna batta ce ke zagayawa hannu zuwa hannu, kowa ta ɗiba. Aka gama noman farko, na tuna wa Iya alkawari. Ta ce ai ga maimai ya taso, a bari a gama shi. Aka gama maimai, gero ya fitar da kai, tsuntsaye suka sauka kamar an aiko su. Ta ce wa zai yi kora, a bari a yi girbi.

A lokacin ta daina zama kusa da mutane. Ta kan ja gefen mayafi ta rufe bakinta, don ya fara wari kuma ta sani. Wani ƙulli ya fito mata a ƙarƙashin muƙamuƙi, tauri kamar ƙwallon goruba. Maganarta ta koma ciki-ciki. Jikanta da take ɗauka tana yi masa wasa a fuska, ta koma miƙo mini shi da zarar ya kai hannu ga mayafin. Wannan ya fi komai sa ni kuka, sai dai a bayan rumbu nake yinsa.

Maigidana ya dawo da ɗan hatsi a buhu lokacin da gero ya riga ya fara nuna. Gonar nan kuwa ta yi kyau irin wanda tsofaffi suka ce sun daɗe ba su gani ba. Ranar da aka karyo kan farko na hura wuta a tsakar gida na gasa tumu. Ƙamshinsa ya cika gari, yara na tsalle suna ƙona yatsu. Na murje mafi kyau a faifai, na hure, na kai wa Iya ɗaki, don ita ta noma shi da cikin da ba komai. Ta karɓa ta kai hanci ta shaƙa, ta daɗe tana shaƙa. Ta ɗebo ƴan ƙwayoyi ta kai baki, bakin ya ƙi buɗuwa yadda za su shiga su tauno. Ta sake gwadawa, hawaye suka zubo mata. Sai ta miƙo mini faifan.

“Ba yara,” in ji ta. “Ni na ƙoshi. Miƙo mini battar.”

Bayan girbi aka samu amalanke aka kai ta Tanut. Majon da ya duba ta, wato babban ma'aikacin gidan likitan, bai daɗe yana kallo ba. Ya fito da maigidana waje, ni ina bakin ƙofa ina ji. Ya ce ciwon daji ne, ya riga ya ci ciki, da tun yana ɗan tabo aka zo da an san abin yi. Ya ce tabar ce ta kawo shi, tabar kuma ake ta ɗora masa. Da aka gaya wa Iya sai ta girgiza kai. Ta ce tabar da ta riƙe ta har ta fitar da gona, ita za a ɗora wa laifi? Muka dawo gida da ƙwayoyin rage zugi. Kunu nake ɗura mata da ƙaramin ludayi ta gefen baki, rabi ya shiga rabi ya dawo. Ta rasu cikin sanyi, ta rame kamar kara, rumbunmu kuwa cike har baki. Allah ya jiƙan Iya.

Matan da suka yi mata wanka suka kwance battar suka miƙo mini. Da kunnena na ji abin da majo ya ce, na kuma ga abin da na gani da idona. Na ce ai yanzu ga tuwo ga fura, me zan yi da ita, na jefa ta bayan tukwane. Kafin rana ta faɗi kaina na sarawa, na daki Zara a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na je na lalubo ta. Yunwa ta tafi tun shekarar nan, ba ta sake yi mana irin wancan kamu ba, amma abin da na ɗauka don in kore ta ya zauna.

Yanzu duniya ta sake. Akwai gidan likita a Gangara, akwai moto, wato babur, akwai salula. Autana Sani, wanda ke kabu-kabu a Tanut, shi ya lura ina tauna tuwo ta gefe ɗaya, ya matsa sai da ya ɗora ni a moto ya kai ni. Majon mace ce, ba ta kai Zara shekaru ba. Ta haska bakina da fitilar salula, ta taɓa wurin da yatsa, ta lalubi ƙarƙashin muƙamuƙina.

“Inna, ban ce miki shi ne ba, ban kuma ce ba shi ba ne,” in ji ta. “Sai an je babbar asibiti a Damagaram an ɗebi ɗan kaɗan an auna. Amma ba abin jira ba ne. In da wuri aka kama shi ana cin ƙarfinshi. Tabar kuwa daga yau ki aje ta.”

Sani ya ce, “Na faɗa mata, majo. Ni da kaina na bar sigari.”

Na ce, “Ka bar sigari ka kama me? Fito da shi ta gani.”

Akwai wani ɗan bututu da yake yawo da shi a aljihu, ana yi masa caji kamar salula, in ya zuƙa ya busa wani farin hayaƙi mai ƙamshin mangwaro. Wai shi mai tsabta ne, na ƴan birni. Majo ta juya shi a hannu ta mayar masa. Ta ce abin da ya ɗaure ni a cikin batta shi ne ya ɗaure shi a cikin bututun, huhunsa kuma ba a halicce shi don shan turare ba. Muka fito ni da ɗana ba mai iya yi wa wani dariya.

Na gwada ajewa, Allah ya sani. Na ɗauki battar na ba Hadiza, matar Sani, wadda ke zaune tare da ni a ƙauye, na ce ta ɓoye kar ta ba ni ko na roƙe ta. Kafin azahar na zagi kaji, na zagi akuya, na kusa zagin liman da ya zo wucewa. Yarinyar nan ba ta iya ɓoyo ba, a tukunyar wake na same ta. In na sa yanzu ta dama nake sawa, ina lallaɓa hagun, sai ka ce wata dabara ce. Amma in wurin ya yi mini raɗaɗi, na san abin da zai kwantar da shi nan take, hannuna ma ya sani. Tsoro nake ji. Na san yadda hanyar nan take tun daga farkonta har ƙarshe, na raka wata a kanta.

Shekaranjiya ruwan da muke jira ya sauka, mai yawa. Jiya da safe ƙasa ta yi laushi, gari ya fashe, kowa da hauya a kafaɗa. Na ɗauko tawa ina bakin ƙofa sai ga Sani a moto, ya ce akwai motar Damagaram a Tanut, ya riga ya kama mana wuri.

Na dubi hanyar gona. Haki ya taso kore shar, geron kuwa ɗan ƙanƙane, kwanaki kaɗan za a ba shi ya shaƙe. Na ce, “Kai Auta, ka ga dai ruwa ya samu. A bari a gama…”

Ban ƙarasa ba. Muryar da ta fito daga bakina ba tawa ba ce, na san mai ita. Hadiza ta aje ƙwaryar da ke hannunta ta matso. Yarinya ce mai kunya, ba ta taɓa haɗa ido da ni ba tun da aka kawo ta gidan nan. Ta kama ƙotar hauyar da hannu biyu.

“Inna, ki saki.”

“Ke kaɗai ba ki iya gonar nan.”

“In haki ya ci, ya ci. Ki saki.”

Muka ɗan ja, ni da ita, a gaban mijinta. Tana da ƙarfi, ko kuwa ni ce ban riƙe da gaske ba. Na saki. Na shiga ɗaki na ɗauko mayafi da ƙunshin kayana, na hau bayan Sani ina riƙe da rigarsa. Muka bi ta gefen gonarmu, aduwar nan tana nan inda take, ban juya ba sai da muka wuce ta.

Muna cikin motar Damagaram, an fita gari an hau kwalta, Sani ya dube ni ya ce, “Inna, kin dai baro battar gida ko?”

Na ce masa ya dubi hanya. Hannuna yana kan haɓar zanina, a kan ƙullin, ina jin taurinta a tafina. Gonar kaɗai na iya bari.